Idon da Kafinta Yake Rufewa

Samaru, Zariya.

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ke da maigidanki, da wannan ɗan baƙo da ya zo ya raba ni da sunana. Allah Ya kai ku lafiya, Ya tsare ku a kan hanya, Ya sa garin da za ku zauna ya karɓe ku da alheri.

Na san za ki yi dariya ki ce me ya yi zafi Baba zai rubuta wasiƙa daga Samaru zuwa Dogarawa, ga waya a aljihu. To, kafin ki karanta abin da ke ciki, ki tsaya ki dubi rubutun kansa. Ba wanda ya rubuta mini. Hannuna ne, da idona. A farkon daminar nan na fid da rai da sake riƙe biro. Kin san ban shiga aji ba sai bayan an haife ki, ajin yamma na manya, ina zaune a kan bencin da ni na ƙera wa yara, gwiwoyina suna dukan tebur. Abin da mutum ya samu da furfura a gemu ba ya son ya rabu da shi.

An ce za a ba ki ɗakin duba ido a ƙaramin asibitin can, ke kaɗai, babu likitan ido kusa. Karatun ido kin fi ni saninsa nesa ba kusa ba, ba zan koya miki ko harafi ɗaya ba. Abin da na sani shi ne yadda tsoho yake ji a kan kujerar da za ki riƙa zaunar da mutane, da irin wautar da yake yi kafin ya iso ta. Ita zan ba ki labari.

Kowane kafinta yana da idon da yake duba katako da shi. Za ka ɗaga katakon, ka kawo bakinsa kusa da kuncinka, ka rufe ido ɗaya, ka bi gefensa da ɗayan har ƙarshe, ka ga ko ya miƙe. Maigidan da ya koya mini aiki a Sabon Gari na hagu yake rufewa, ni ma na tashi ina rufe na hagu. Tun ina saurayi har na aurar da ke, ban taɓa rufe na dama ba ko da wasa. Me zai sa? Da shi nake cin abinci. Ashe na hagun nan ya daɗe yana lalacewa a ɓoye. In duka biyun suna buɗe, na dama ya ɗauke masa aiki. In na zo auna katako, shi nake rufewa. Ban taɓa ba shi damar ya nuna mini halin da yake ciki ba. Ranar da aka sa na rufe na dama a asibiti, na dubi fuskar matar da ke gabana, sai na ga ɗankwali, na ga kafaɗu, na ga bango a bayanta, amma wurin da fuska take babu komai sai wani duhu-duhu kamar an shafa toka. Likita ya ce tabo ne ya riga ya zauna, wannan kam ba ya dawowa.

Saboda haka, Uwata, kada ki taɓa tambayar tsoho "Baba kana gani?" ki tsaya a nan. Zai ce miki lafiya lau, kuma ba ƙarya ya yi ba. Ki sa ya rufe ɗaya, ki gwada, sannan ya rufe ɗayan. Ko ciwon kunne ya kawo shi ɗakin da ke kusa da naki, in ya manyanta, ki roƙe shi ya leƙo. Kuma da tafin hannu zai rufe, ban da yatsu. Mu tsofaffi muna leƙe ta tsakanin yatsu, don ba ma son mu faɗi jarrabawa a gaban yara.

Na dama kuwa, da ya fara nasa, katako na ɗora wa laifi.

Kin san Baban Ngozi, mai sayar da katako, wanda yake ba ki alawa kina ƙarama in kin biyo ni shago. A Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Ban taɓa sayen katako a wurin wani ba in yana da shi. To, sai na fara ganin duk wanda ya aiko mini yana da ɗan lanƙwasa a tsakiya. Na mayar sau ɗaya, ya canza bai ce komai ba. Na sake mayarwa, ya canza yana ƙunƙuni. Da na zo a karo na gaba da kura cike da katako, sai ya miƙe tsaye.

Ya ce, "Malam Audu, in ka samu wani dilan katako ne, ka faɗa mini. Ba sai ka ɓata mini suna a layi ba."

Na ce, "Ni zan ɓata maka suna? Kai dai ka daina shanya kaya a ƙasa damina tana dukansu. Dubi wannan, kamar bayan raƙumi."

"Wanne?"

"Wannan da ke hannuna."

Ya karɓa, ya duba, ya miƙa wa maƙwabcinsa ya duba. Mutane suka fara taruwa, kin san kasuwa. Wani ya ce a bar Malam Audu, tsufa ne ya zo da rigima. Na ji zafin maganar, na ce ina duba katako tun kafin a yaye shi.

Baban Ngozi bai ƙara musu ba. Ya shiga shago ya ɗauko zaren magina, ya kafa ƙusa a wannan baki, ya kafa a wancan, ya ja zaren ya ɗaure tamau har yana ƙara in an taɓa. Ya ce, "To, Oga Kafinta, duba."

Na rufe na hagu, na duba. Zaren ma ya lanƙwashe. Daidai wurin da katakon ya yi ciki, shi ma ya yi ciki, yana bin sa kamar an zana su tare.

Uwata, na sake dubawa, haka dai yake. Na san katako yana iya karkacewa, amma zaren da aka ja tsakanin ƙusa biyu ba shi da hanyar karkacewa. Na zauna a kan kurar. Baban Ngozi ya kori mutane, ya tsuguna kusa da ni, ya ce a hankali, "Audu, ba katako ba ne, ko?" Na ce ba shi ba ne.

Ga abin da nake so ki riƙe a nan. Mai irin ciwona ba zai zo ya ce miki layi yana lanƙwashe mini ba. Zai ce tela ya ɓata masa ɗinki. Zai ce magini ya karkata ƙofa, ko masu buga littattafai na yanzu ba su iya aiki ba, ko sahun masallaci kullum a karkace yake. Ni kaina na sha jan rigar wani bawan Allah a sahu ina ce masa ya matso, alhali yana daidai. In kin ji dattijo ya fara faɗa da abubuwan da suke a miƙe, ki ɗauko takardarki mai layuka ta gwajin ido. Ki tambayi wanda ya rako shi ma, sau da yawa shi ya san labarin.

Ba ranar zaren ce farkon alama ba, in faɗa miki gaskiya. Tun kafin nan rubutu ya fara yi mini gardama, harafin tsakiyar kalma yana ɓacewa. Na je wurin masu tallar tabarau a faranti a bakin kasuwa, na gwada na saya. Ya yi kwana biyu ya daina aiki, na sayi mai ƙarfi. Innarku ta ce aljihun rigata ya zama shagon tabarau. Daga baya na yanke wa kaina hukunci cewa yanar ido ce, irin wadda aka cire wa kawunki ya dawo yana zura zare a allura. Na ce bari in jira ta nuna, in masu aikin ido kyauta sun zo a cire. Na zauna ina jiran abin da babu shi ya nuna, wanda yake akwai kuma yana ta cin ido.

Mutanenmu duk wani hazo a ido yana suke ce masa, kuma kowa ya ji an ce sai ta nuna ake cirewa. Ki cire musu wannan a kai. Ki faɗa a ɗakin awo, ki faɗa wa liman da fasto su faɗa. Wanda tsakiyar ganinsa ta dushe ko layi ya karkace masa kwatsam, ba mai jira ba ne.

Sai maganar da ta shafe ki. Kin tuna ranar da kika zo gida da cikin takwarana, kika same ni na nisanta Alƙur'ani ina matso da shi, kika ce, "Baba, bari in kawo fitilata in duba maka." Na ce ki bar shi, gajiya ce. Kin ƙara faɗa, na tashi na fita. Ba raina karatunki na yi ba. Kunya ce. Ke ce ta fari, sunan mahaifiyata gare ki, ban taɓa kiran sunanki da bakina ba. Yaya zan zauna ki kawo fuskarki dab da tawa, ki ce in kalle ki kada in ƙifta? A tarbiyyar da na taso, ko ido ba ma haɗawa sosai. Na zaɓi kunya, saura kaɗan ta ci mini ido.

Za ki haɗu da irina da yawa a can. Dattijo zai shigo ya ga 'yar cikinsa ce za ta duba shi, sai ya sunkuyar da kai. Kada ki ɗauka taurin kai ne. Ki gaishe shi yadda kike gaishe ni, ki faɗa masa abin da za ki yi kafin ki matso, ki ba shi wani abu a bango ya kalla maimakon fuskarki. In akwai ɗansa, ya tsaya a ɗakin.

Baban Ngozi ne ya yi maganina. Ya ce, "Gobe da safe ka je asibiti. In ba ka je ba, wallahi na kira 'yarka in gaya mata komai, har da zaren." Tsoron kada a ɗaga miki hankali ga ki da ciki ya sa na tafi ƙaramin asibitin unguwarmu. A nan na samu Sista Ladi, wata mutuniyar kudancin Kaduna mai dariya da ƙarfi. Aikinku ɗaya.

Ta sa na karanta allo ido ɗaya-ɗaya. Ta ba ni takarda mai layuka kamar ragar taga, da ɗigo a tsakiya, ta ce in kalli ɗigon in faɗa mata yadda layukan suke. Na ce na gefe suna nan lafiya, na tsakiya kuwa sun sha giya. Ta yi dariya, amma na lura ta ajiye biro. Ta ɗiga mini magani, na jira ƙwayar idon ta buɗe, ta haska ciki ta daɗe tana dubawa. Ta auna hawan jini. Ta tambayi taba, na ce na rage. Ta ce, "Baba, yatsunka ba su ce ka rage ba." Sannan ta tambaya ko a gidanmu akwai wanda ido ya ba shi wahala da tsufa.

Sai a lokacin na tuna da mai sunanki. A ƙarshen rayuwarta takan share tsakar gida tsaf, ta hango tsinke a gefe ta ɗauke, amma in ka tsaya a gabanta sai ta ce wane ne. Matan gida suka riƙa cewa Inna tana ganin abin da take so ne. Har ta rasu ana mata wannan zolaya. Allah Ya jiƙanta, ashe gaskiya take faɗa. Ki yi wa iyalan marasa lafiyarki wannan bayani, don kada a ce tsoho yana yi da gangan, ko ya daina gaida mutane don girman kai.

Na tambayi Sista mene ne wannan abu. Ta tambayi sana'ata, na faɗa. Ta ce, "To, ka san teburin da aka manna wa fomeka? In danshi ya shiga ƙarƙashi, yaya take yi?" Na ce takan kumbura, duk abin da ka ɗora a wurin sai ya karkace. Ta ce haka bayan ido yake. Akwai wani ɗan wuri a tsakiyarsa, makula sunansa, da shi ake karatu, da shi ake gane fuska. Tsufa yana cinye shi iri biyu. Akwai busasshe, mai tafiya a hankali, wanda sai dai a kula da shi a riƙa dubawa. Akwai kuma mai yoyo, inda wasu 'yan jijiyoyi suke tsirowa a ƙasa suna zubar da ruwa, shi ne mai gaggawa. Ta ce tana zargin na dama ya fara yoyo, amma babban asibiti ne za su ɗauki hoton cikin ido su tabbatar.

Na ce to, bari in gama wata ƙofa da na yi alkawari, in tafi bayan sati.

Ta ce, "Baba, ƙofar ta jira. Ido ɗaya ya rage maka." Ta rubuta takarda, ta ɗaga waya a gabana ta kira can, ta faɗa mini ranar da zan je da ƙofar da zan shiga.

Kafin in fita na yi mata tambayar da take cina. Na ce zan makance ne, a riƙa ja na? Ta ce wannan ciwo tsakiya yake ci, ba ya cika taɓa gefe, mutum yakan ci gaba da kai kansa masallaci da kasuwa. Ba ta ce za a warkar da ni ba. Ta ce akwai abin da za a yi a tsayar da yoyon, in an yi sauri. Uwata, ki koyi wannan. Ki ba mutum bayani da kayan sana'arsa. Ki amsa tambayar makanta ko bai yi ta ba, don tana ransa. Kada ki yi alkawarin da ba naki ba. Kuma abin da ya fi ƙarfin ɗakinki, ki tura shi gaba da wuri, ki bi shi da waya, kada ki riƙe shi kina ba shi maganin ɗigawa don ya ji daɗi.

A babban asibiti suka tabbatar, suka ce allura za a yi, a cikin idon. Da na ji haka na fara neman takalmana. Innarku ta riƙe mini riga ta ce, "Malam, mutumin da ya buga ƙusa a yatsansa ya ci gaba da aiki, shi ne zai guji allura?" Na kwanta. Sun kashe wurin da magani, ban ji komai ba sai ɗan dannawa, kafin in gama salati an ce in tashi. Tsoron ya fi abin girma. Ki faɗa wa mutane haka, ki kuma faɗa musu tun farko cewa ba sau ɗaya ake yi ba, kuma da tsada, don dangi su zauna su shirya.

Nan ma sai da na ƙara wata wautar. Bayan an yi mini ta biyu, layuka suka fara miƙewa, na ce aiki ya ƙare, na ƙi komawa ranar da aka ba ni. Sista Ladi ba ni ta kira ba, ta san hali. Wayar Innarku ta kira. Ban san me suka ce wa juna ba, na dai ga an ajiye mini hula da takalmi a ƙofar ɗaki. Da muka je, ruwan ya fara taruwa kuma. Ki karɓi lambar wanda ake jin tsoronsa a gida, ba ta majiyyacin kaɗai ba.

Taba na bar ta gaba ɗaya. Na sha wuya, na yi ta masifa a gida, amma na bari. Yanzu kullum akwai zogale ko alayyafo ko rama a kwanona, da kifi in an samu, ina shan maganin hawan jini ba fashi. Kowace Juma'a kafin in tafi masallaci nakan tsaya gaban ragar tagar ɗakina, in rufe wannan, in rufe wancan. An ce in na ga sabon lanƙwasa kada in jira ranar da aka ba ni.

To, ga abin da ya sa na kasa zama shiru. Ana saura kaɗan ki haihu na koma, likita ya dubi hoton ya ce wurin ya bushe, za a fara nisanta allurar, amma ba a sallame ni ba. Sai ga ranar suna. Da aka miƙo mini yaron nan, ban dube shi nan da nan ba, don abin da nake tsoro tun farkon damina shi ne a ba ni jikana in ga zani da hula, tsakiya kuma toka. Na kai shi bakin ƙofa wurin haske. Uwata, na gan shi. Na ga girarsa, na ga ɗan ƙurjin zafi a gefen hancinsa, na ga leɓensa na ƙasa irin na Inna mai sunanki sak. Kunnuwan kuwa nawa ne, Allah Ya ba shi haƙuri. Mutane sun ɗauka addu'a nake ja da tsawo. Kallo nake yi. Ki gaya masa in ya girma, sunan kawai na ba shi aro, Innarku kuwa tawa ce, ya nemi tasa.

Na hagu ya tafi, na haƙura. Na dama akwai ɗan hazo a gefen tsakiya, karatu sai da rana, da gilashin ƙara girman rubutu. Wannan wasiƙa a bakin ƙofa na rubuta ta, kaɗan-kaɗan. Ban san abin da gobe za ta zo da shi ba, amma yau ina gani, alhamdu lillahi.

A cikin kayanki akwai wani abu naɗe da buhu. Firam ne na ƙera miki, ki sa takardarki mai layuka a ciki ki rataye inda haske yake. Katakon Baban Ngozi ne ya bayar, ya ce gudummawarsa ce. Da na gama na kai masa, ya ja zare a kowane gefe a gaban mutanen layin, ya ɗaga ya ce, "Ya miƙe!" Har da tafi.

Abu na ƙarshe. In kin zo hutu, ki taho da fitilarki. Zan zauna a kan kujera a tsakar gida, ki kawo fuskarki kusa yadda aikin yake so, ki ce in kalle ki, zan kalle ki. Na daɗe ban ga fuskarki da kyau ba, kuma ba ciwon ne kaɗai ya hana ba.

Allah Ya yi miki albarka, Ya sa hannunki ya zama sanadin haske ga iyayen wasu. Ya raya mini takwarana, Ya tsare ku daga sharrin hanya da na dare da na rana, Ya dawo mana da ku lafiya. Innarku tana gaishe ku, ta ce kada ki manta da man shafawar yaro a aljihun jaka.

Wassalam.

Mahaifinki,
Audu Kafinta